Igiyar Awon Dantse

Shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya a ƙasarsu, kuma duk asibitin da ta zauna an san ta da hali guda: ba sani ba sabo. Da ta yi ritaya, maimakon ta zauna renon jikoki kamar kowa, sai ta sa hannu a takardar wata ƙungiyar agaji. Aka ɗauko ta a jirgi, aka ƙarasa da ita a bayan a-kori-kura zuwa wani ƙauye da ko gaisuwarsu ba ta iya ba. Babban ɗanta har yau bai huce ba. Duk ranar da ta ja gwiwoyinta ta hau tudun bayan makaranta, inda kaɗai waya ke samun sabis, tambayarsa ɗaya ce, wai me ta rasa a gida.

Mutanen ƙauyen suka sa mata suna Inna Mai Awo, don aikin nata ke nan. Wani tsohon aji aka ba su, da benci uku, da teburin da aka tokare ƙafarsa da bulo. A kusurwa an jera katan-katan na abincin jinya, wani kwaɓin gyaɗa da madara a 'yan ledoji. Kowace Talata mata su yi layi, Inna ta naɗa wa yaro igiyar awo a dantse, ungozomar ƙauyen tana yi mata tafinta. Igiyar launi uku gare ta. Idan ta tsaya a ja, yunwa ta ci yaron, a ɗauke shi, a riƙa ba uwarsa abinci. Haka za a yi ta yi har ya wuce rawaya ya kai kore, sannan a sallame shi, wani ya shiga gurbinsa. Gurbi arba'in ne cif, iyakar abin da mota ke kawowa a wata. Mai kula da sito kuwa, wani dogo mai yawan tsaki, ko leda ɗaya ba ya ƙarawa, kuma Inna ce da kanta ta koya masa hakan.

Maƙwabciyarta matar wani mai gyaran keke ce da ya tafi birni nema, shiru kake ji. Tun ranar da matar ta ga Inna tana kokawa da guga a bakin rijiya ta karɓe mata ɗibar ruwa, ba tare da wani ya sa ta ba. Autarta na cikin arba'in ɗin. Wata rana Inna ta hango ta saman katanga an yanka leda ɗaya, yara huɗu sun kewaye ta, kowa na lasa. Ranta ya ɓaci, ta kira ungozoma ta yi mata tafinta, ta zazzaga wa maƙwabciyar faɗa, ta ce wannan magani ne, ba alewa ba. Matar ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya, cikin ladabi, ko Inna za ta nuna mata yadda ake ciyar da ɗa ɗaya uku suna kallo. Inna ba ta sake tayar da maganar ba.

Duk da rabon da ake yi, yarinyar ta yi ta murmurewa. Wata Talata, da Inna ta zagaya mata igiyar, sai ga ta ta faɗa kore, da ƙyar, kamar faɗin farce. Uwar ta gani. Ba ta roƙa ba, ta dai sunkuyar da kai tana gyara wa yarinyar riga. Ungozoma ta kau da fuska tana kallon taga.

Inna ta ja igiyar. Kaɗan ta ja, har naman dantsen ya lotsa, yarinyar ta ɓata fuska.

“Rawaya,” in ji ta.

Mai sito ya ƙirgo ledoji ya zuba wa matar a kwano. Kunya ta kama Inna, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara talatin da biyu yau ta yi shi a ƙasar mutane. Amma kafin ta auna yara biyar kunyar ta lafa, har ta ji wani sanyi a ranta. Ta ce wa kanta ai tausayi ma ibada ne.

Rana ta take, layi ya ƙare, ana shirin rufe aji, sai ga wata mata ta shigo, ƙafafunta duk taɓo. Ungozoma ta ce daga ƙetaren rafi take, tun asuba take tafe, jiya ta ji labarin wurin. Matar ta kwance goyo ta miƙa. Yaro ne namiji, ba ya ko kuka, idanunsa sun zurma. Ido ba mudu ba ya san kima, amma Inna ta ɗauki igiyar don hannunta ya samu abin yi. Ba ta ja ba. Igiyar ta zarce can cikin ja tana lilo a dantsen.

Mai sito ya matso ya yi ƙasa da murya. “Inna, babu gurbi fa. Dama na 'yar maƙwabciyarki nake sa ran zai buɗe yau. Mota kuma sai nan da mako uku.”

Inna ta dubi ƙofa. Ta tuna kwanon da ya fita ɗazu, ta san zuwa yanzu an yanka leda ta farko. Ta je ta karɓo? Daga bakin wa? Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko a ɗakin tiyata, don ta san yaron nan ba shi da mako uku.

“Me zan gaya mata, Inna?” ungozoma ta tambaya a hankali.

Ita kuwa baƙuwar, an riga an faɗa mata a hanya cewa ja shi ne mai abinci. Ta leƙa igiyar ta ga launin, ta saki ajiyar zuciya, ta yi wa Inna murmushi. Sannan ta cire ɗankwalinta ta shimfiɗa a kan tebur, tana jiran a zuba.