Awarwaron Miyoba

Wari ne ya fara tarar Bina Miyoba kafin idonta ya gani. Ta tsaya a kan gangaren da ke sauka zuwa mashayar mata, ta toshe hanci da bakin zane. A jikin kututturen nan da ke tsaye a cikin ruwa an ɗaure cinyar dorina da sarƙa, ta kumbura ta yi kore, ƙudaje sun rufe ta baƙi ƙirin.

"Mweemba! Wane marar uwa ne ya rataye mushe a inda muke ɗiban ruwa?"

Mweemba, ma'aikacin gandun daji, yana tsaye a inuwa cikin koren kakinsa, bindiga a kafaɗa. Ita ta yanke masa cibiya, don haka bai iya haɗa ido da ita ba.

"Iya, ki yi haƙuri. Mutanen sansanin farauta ne. Baturen da ya yanki lasin ya kusa zuwa, ba sa so kadan ya bar wurin."

"Ba sa so ya bar wurin," ta maimaita a hankali. "Wato ciyar da shi kuke yi. Ya ci 'yata bai ƙoshi ba, kun kawo masa ƙari."

Da sunan 'yar ake kiranta, Bina Miyoba, wato uwar Miyoba, kamar kowace uwa a kwarin Zambezi, ga shi 'yar babu. A farkon damina Miyoba ta sunkuya a nan tana ɗauraye tukunya, ruwa ya buɗe ya rufe. Tukunyar kawai aka samu tana yawo a kife. Mata sun ga wanda ya ɗauke ta, kowa ya san shi: kadan nan mai guntun jela, wanda injin jirgi ya taɓa datse wa wutsiya.

Dattawa suka ce a binne zanenta a madadinta, a yi makoki a gama. Bina Miyoba ta ce ita ba zane ta haifa ba. In ba a sa wani abu na jikin mamaci a ƙasa ba, da wane baki za a kira sunansa a ɗora wa magaji, kamar yadda al'adarsu take? Haka zai yi ta gararamba a bakin ruwa, ba shi a gida, ba shi wurin kakanni. Ta sayi farin ƙyalle ta ninke ta ajiye. Abin da take nema bai fi haka ba: a kashe kadan, a farka cikinsa, a ba ta 'yarta.

* * *

Ba ta zauna ba. Mijin Miyoba ne ya fara gwadawa. Ya ɗana babbar ƙugiya da naman akuya a bakin mashaya, kadan bai ko shinshina ba, sai ma'aikata ne suka shinshino. Suka ɗaure mijin a bayan mota kamar buhun gawayi. Yana kurkuku har yau, wai ya ɗana wa dabbar gwamnati tarko. Gidan ya rage daga tsohuwa sai jikarta Luyando, yarinyar da ko ƙirgen dangi ba ta fara ba, amma ita ke ɗibo ruwa safe da yamma, don gwiwoyin kakarta sun daina hawan gangare da kaya.

Ta sayar da kaji, ta hau motar masu busasshen kifi zuwa birni. A ofis suka bar ta a benci har inuwa ta juya. Da aka shigar da ita, ga wani mai tumbi a ƙarƙashin fanka, hoton zaki a bango bayansa.

"Mama, mun ji abin da ya faru, Allah ya ba da haƙuri. Amma doka ta ce duk dabbar dawa ta hukuma ce. Ba a kashe ta sai da izini."

"To ba ni izinin."

Ya yi 'yar dariya. "Ba haka ake yi ba. Kadojin yankinku an riga an ware su ga masu farautar lasin. In rani ya yi mai shi zai zo ya harbe. Ke kin huta, gari ya samu rabonsa."

"Ɗan nan, ni ban yi boko ba, ka gyara mini in na ɓata. Kadan naku ne?"

"Na hukuma ne."

"Akuyata in ta ci gonar maƙwabci, ni ake kamawa. Naku ya ci mutum. Wa zan kama?"

Ya kalli agogo. Ya ce ai an daɗe ana gargaɗin mata su daina zuwa bakin ruwa.

"Mu sha me? Fitsarinka? Rijiyar burtsatsen da kuka yi mana alkawari tun ina da haƙora, tana ina?"

Masinja ne ya riƙo hannunta ya fitar da ita. Tana jin mai tumbin yana cewa a kawo masa shayi.

* * *

Rani ya shigo, ruwa ya ja baya, mashaya ta koma kusa da kututturen. Cinyar dorina ta ƙare aka rataye jaki. Mai guntun jela ya daina ɓuya. Da rana tsaka zai fito kan yashi ya hangame baki, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninku. Mata suka kafa shingen ƙaya a cikin ruwa, ma'aikata suka cire, wai zai tsorata naman Bature. Yanzu sai su taru da yawa, wasu na jifa da duwatsu suna ihu, wasu na cika bokiti da sauri. Duk sanda Luyando ta sauka, kakarta na tsaye a saman gangare, ba ta numfashin kirki sai ta ga bokiti ya hau kai.

Wata rana Mweemba ya tsuguna kusa da tsohuwar, ya rage murya.

"Iya, gara in gaya miki tun yanzu. Cikin kada ba ya barin ƙashi. Narkewa yake yi. Na ga an farka su da yawa. Duwatsu ake samu, sai ƙarfe."

Awarwaron tagulla biyu uwarta ta bar mata. Ɗaya ta sa wa Miyoba ranar aure, ya matse har ba ya fita. Ɗayan ta cire daga hannunta ranar da ruwa ya rufe, ta sa a cikin farin ƙyallen.

"Awarwaron ya kwana a jikin 'yata shekara da shekaru," in ji ta. "Ya isa. Shi zan binne."

* * *

Baturen ya zo da hantsi a jirgin ruwa mai inji, jajir da shi kamar an yaɓe shi da barkono, tare da mai masa jagora. Gari duka ya fito. An ce kowa ya yi shiru, har jarirai aka toshe wa baki da nono. Bina Miyoba ta yi wanka, ta ɗaura zanen zuwa coci, ta zauna a gaba da ƙyallenta a cinya.

Kadan na kwance a kan yashi. Baturen ya ɗora bindiga a kan sanduna, ya leƙa. Ya sauke. Ya ɗauki madubin hangen nesa, ya duba daga hanci har wutsiya. Suka yi magana da jagoran, ya buɗe hannuwa yana gwada tsawo, ya girgiza kai. Sai suka yi dariya. Aka naɗe sanduna.

Ta miƙe. "Mweemba, me ya ce?"

Mweemba ya kalli takalminsa.

"Da kai nake, ɗan Bina Mweemba! Na ga tsiraicinka kafin uwarka ta gani. Me ya ce?"

"Ya ce jelar ta ɓata shi, bai kai tsawon da yake so ba. Lasin na kada ɗaya ne, ba zai ɓata shi a kan wannan ba. Za su nemi wani a gaba." Ya gyara bindigarsa a kafaɗa. "Jagoran ya ce a bar shi ya ƙara ci. Wataƙila baɗi wani ya so shi."

"Ya ƙara cin me?"

Ta yunƙura za ta gangara, tana ɗaga farin ƙyallen sama, tana kiran Baturen da duk zagin da ta sani, amma injin ya riga ya tashi ya haɗiye muryarta. Ya hango tsohuwa na kaɗa ƙyalle, shi ma ya ɗago mata hannu yana murmushi.

"Kai kana da bindiga," ta juyo kan Mweemba. "Ga shi can kwance. Harsashi ɗaya."

"Iya, 'ya'yana fa. In na harba, ɗaki ɗaya za mu kwana da surukinki."

Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Igiyar ruwan da jirgin ya bari ta iso gaɓa, kadan ya ja jiki ya sulale ciki ba ko ƙara.

* * *

Da la'asar randa ta bushe. Ga garin tuwo, ga kifi, babu ruwan ɗorawa. Luyando ta ɗauki bokiti ta nufi ƙofa. Yau ba matan da za su sauka tare, kowa ya shige gida da baƙin ciki.

"Ajiye."

"Kaka, gwiwarki."

"Na ce ajiye, uwar iyayi. Hura wuta kafin in dawo. In na daɗe, ki tafi gidan Bina Mweemba, kada ki biyo ni."

Ta warware farin ƙyallen, ta ɗauki awarwaron. Hannunta ya rame, awarwaron ya shige ba wuya. Ta tura shi sama har ya kama dantse, ta matse bakinsa da dutsen niƙa yadda ba zai zame ba. Ƙarfe dai ba ya narkewa a cikin kada. Ƙyallen kuwa ta sake ninke shi, ta ɗora a kan gado inda ido zai gani.

Ta sauka gangaren a hankali, bokiti na bugun ƙafarta. Mashayar ba kowa. Sarƙar na lilo a jikin kututture, ba sauran nama a jikinta. Ruwan ya kwanta lumui, ko kifi bai motsa ba.