A Wace Gunduma Muka Rabu?

Vernon ya kai cokalin baki, ya lumshe ido yana taunawa a hankali, sai ka ce an ba shi alƙalancin gasar girki. Matarsa Loretta ta zuba masa ido, jakarta a cinya, makullin mota a hannu.

"To?"

"Ki bari ya sauka tukuna."

"Vernon, rabin farantin ya riga ya sauka."

Ya haɗiye, ya girgiza kai cikin jimami. "Ba nan ba ne. Wancan kek ɗin tuffa ya fi wannan jin kirfa. Ba a garin nan na sake ki ba."

Matar da ke zuba musu kofi ta tsaya da buta a sama. Ta dubi tsohon, ta dubi tsohuwar da ke goge masa gemu da hankicinta, ta koma ciki.

Na ce matarsa, amma hukuma ba za ta yarda da ni ba. Sama da shekara goma ke nan da ƙodar Vernon ta ajiye aiki. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar katako, aka ce sai an riƙa wanke masa jini da inji. A ƙasar nan tamu kuwa ciwo ba jiki kaɗai yake ci ba, da gida yake farawa. Tallafin jinya na gwamnati na wanda ba shi da komai ne, kuma in kana da mata, abin da ta mallaka naka ne a lissafinsu. Ɗan abin da Loretta ta tara tana dafa wa 'yan makaranta abinci ya ishe su dalilin hana shi.

Wani lauya mai araha, Mista Gaskins, shi ya nuna musu hanya. Su rabu a takarda, gida da ajiya su koma sunan Loretta, Vernon ya zama cikakken matsiyaci. Ya ce ba su ne farau ba, rabin tsofaffin da ke zuwa ofishinsa riƙe da hannun juna abin da ke kawo su ke nan. Da yake jaridar garinsu tana buga sunayen waɗanda suka rabu a shafi ɗaya da farashin shanu, sai ya kai ƙarar wata gunduma can nesa, inda ba wanda ya san su. Suka bi motarsa a baya, alƙali ya sa hannu, suka ci kek, suka dawo gida suka kwanta a gadonsu. Takardar kuwa, a ranar Loretta ta jefa ta murhu saboda baƙin ciki.

Ba wanda ya sani. Bara ma 'yan coci suka yi musu walimar cika shekara hamsin da aure, fasto ya tsayar da su gaban matasa ya ce a yi koyi. Vernon ya sunkuyo ya raɗa mata, "Bazawara, gyara tsayuwa, ana ɗaukar hoto." Ta taka masa ƙafa.

Yanzu jikin ya ƙi. Sau biyu yana faɗuwa a banɗaki, Loretta ta kasa ɗaga shi sai da ta kira maƙwabta. An samar masa gado a gidan kula da tsofaffi, za a riƙe masa zuwa Juma'a. Amma ofishin tallafi ya ce sai an kawo takardar saki mai hatimin kotu, wai tasu ta ɓace da suka canza na'ura. In babu, Loretta matarsa ce, dukiyarsu ɗaya, sai ta ƙare kafin gwamnati ta sa hannu. Mista Gaskins ya daɗe a kabari. Ta buga waya kotuna, wata murya ta yi ta ce mata ta danna ɗaya, ta danna biyu, har ta ji kamar ta danna wayar a bango. Da ta samu mutum, sai aka ce tsofaffin fayiloli ba sa cikin kwamfuta, ta zo da ƙafarta gundumar da aka yanke hukuncin.

Nan gizo ke saƙar. Ita dai ranar kuka take yi, abin da ta riƙe kawai akwai gunkin soja a ƙofar kotun. Shi kuma ya ce ɗanɗanon kek ɗin da suka ci ranar ya riƙe.

* * *

"Ga sojan can," in ji Loretta da suka shiga gari na gaba. "Wallahi shi ne."

"Haka kika ce jiya. Kowace kotu a jihar nan da sojanta. Ina jin mutum ɗaya ya yi kwangilarsu."

Shiga kotun ma aiki ne. Na'urar bincike ta yi ta ihu a kan keken guragun da Vernon ke zaune a kai, da bel ɗinsa, da ƙarfen da ke ƙugunsa. Mai gadin ya tambaye shi ko yana ɗauke da makami, ya nuna Loretta da haɓa.

A ofishin magatakarda, wata mace mai tabarau a goshi ta ga yadda Loretta ke gyara masa bargo a gwiwa, ta yi murmushi.

"Lasisin aure ƙofa ta gaba ce, Madam. Kai, kun burge ni, a wannan shekarun."

"Takardar saki muke nema."

Murmushin ya tsaya a inda yake. "Ta wa?"

"Tamu."

"Mugunta ce ta raba mu," in ji Vernon. "Tana hana ni gishiri."

"Rufe min baki, tsoho. Madam, Tackett ne sunan. Vernon da Loretta."

Matar ta sauka ƙasa inda ake jibge akwatuna, ta daɗe, ta dawo tana kakkaɓe siket. Akwai Tackett guda, amma shi rikicin iyakar gona ya kawo shi. Vernon ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi, ya ce ai da ma ya faɗa, a fara da kek kafin a wahalar da bayin Allah.

A mota Loretta ta fara zarginsa. Likita ya hana shi zaƙi, ga shi yana bi gari-gari yana cin kek da izinin hukuma.

"Anya kana tuna komai kuwa? Ko dai yawon kwaɗayi kake sa ni?"

"Ke ba ki san darajar bincike ba. Ni da nake sadaukar da lafiyata."

Ta yi dariya ba da son ranta ba. Amma ranar Laraba ce, kuma tsoro ya fara cin ta. Gidan nasu ba wani gida ba ne, rufinsa na yoyo ta wajen kicin. Sai dai shi ke nan abin da suka fito da shi daga shekara hamsin na tashin asuba.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi suka tsaya a wani ƙaramin gari mai layin dogo ta tsakiyarsa. Ga kotu, ga soja, ga gidan abinci a tsallake. Loretta ta kau da kai daga sojan, ta gaji da shan kunya. Ta tura keken zuwa teburin bakin taga, ta sa aka kawo kek.

Vernon ya dubi farantin. Ya dubi taga. Ya gyara cokalin ya ajiye.

"Ba nan ba ne. Mu tafi."

Har ta ɗauki jaka, sai ta tsaya. Tunda take da mutumin nan ba ta taɓa ganin ya bar zaƙi a faranti ba, ko ranar da aka binne uwarsa. Ta zauna a hankali.

"Ba ka ɗanɗana ba."

"Daga gani ma an sani."

"Vernon Tackett, dube ni."

Ya ƙi. Kunnuwansa suka yi ja.

"Tun yaushe ka san nan ne?"

"Ni na tuƙa motar ranar, Retta. Ta yaya zan manta?"

Ranta ya ɓaci. "Kwana da kwanaki kana yawo da ni, ina ƙona mai, ina hawa benaye, ba na barci. Gidan kake so su cinye?"

"Ba gidan ba." Ya ja farantin gabansa, ya sake ture shi. "In an samu takardar nan, gobe a can zan kwana. Wancan karon da muka rabu ai tare muka koma gida."

Duk masifar da ta tanada ta bi iska. Tausayinsa ya kama ta, ga haushi, ga wani abu kuma da ya fi su zafi, wanda ba shi ya jawo ba. Ta ɗauki cokalin ta gutsuri kek ɗin ta kai bakinta. Kirfa kam ta ji.

"Ci sauran," ta ce. "Sannan mu tsallaka."

Wannan magatakardar ba ta yi mamakin komai ba. Ta kalle su sau ɗaya ta ce, "Na jinya ne ko? Jiya ma wasu sun zo, shi yana riƙe mata jakar iskar numfashi." Kafin Vernon ya gama ƙorafin sanyin ɗakin, ta fito da fayil. Ta karanta a bayyane don tabbatarwa, da muryar mai karanta kuɗin wuta: kotu ta gamsu cewa auren ya lalace lalacewar da ba ta gyaruwa, babu sauran ƙauna tsakanin ɓangarorin biyu.

"Haka ne?" ta tambaya, hatimi a hannu.

"Haka ne," in ji Loretta, tana cire masa ɓurɓushin kek daga gashin baki.

Hatimin ya sauka.

* * *

Gidan kula da tsofaffin yana da tsabta, yana warin maganin goge ƙasa da dafaffen kabeji. Ofishin tallafi ya karɓi takardar, gida ya tsira. Loretta ta jera masa rigunansa a kabad, ta gaya wa ma'aikaciyar jinyar cewa ba ya barci sai an bar ƙafarsa ta hagu a waje da bargo. Vernon ya yi ta zolayar kowa, har ya tambaya ko akwai 'yan mata a ɓangaren. Hannunsa dai bai saki gefen rigar Loretta ba.

Da la'asar ta yi sanyi, matar da ke kan tebur ta leƙo da fara'a.

"Daren farko mukan bar mata ko miji su kwana, akwai kujera mai kwanciya. Ke matarsa ce, Madam?"

Fayil ɗin Vernon yana hannun matar, takardar mai hatimi a sama. Loretta ta dubi takardar, ta dubi Vernon. In ta amsa matarsa ce, gidansu ya tafi. Shi ma ya fahimta, ya saki rigar.

"A'a," ta ce. "Sanayya ce kawai. Mun daɗe da sanin juna."

"Ayya. To lokacin baƙi ya kusa ƙarewa. Gobe ma rana ce."

Ta fito filin ajiye motoci ta juya ta dubi ginin. Hawa uku ne, tagogin iri ɗaya, labulen iri ɗaya, kuma ba ta lura da ɓangaren da ɗakinsa yake kallo ba. Ta tsaya a jikin motar, ta ɗaga hannu, ta bi tagogin da shi ɗaya bayan ɗaya.