Bindigar Sixten a Cikin Firiza

Sixten, mijin yayata Gunnel, yana da wata tsohuwar bindigar soja da ya gada wurin mahaifinsa, ta girme shi da shekara arba'in. Kowace Asabar da ita yake zuwa filin harbi na ƙauyenmu, kuma kullum harsasansa warwatse suke sauka a allo, kamar an watsa wa kaji tsaba.

"Ƙotar ce ta bushe," in ji shi. "Ƙarfen rawa yake yi a cikinta."

Ya cusa kwali, ya cusa toshiyar kwalba, duk a banza. Sai ya ce gam zai zuba. Aikin ba wuya: a shimfiɗa gam a kwarin ƙotar, a shafe ƙarfen da man takalmi don kada ya kama, a kwantar da shi, washegari a ɗaga. Makwancinsa ya fito daidai jikinsa ke nan.

Ya kira ni in riƙe masa. Muna aikin muna musun wanda ya kashe barewa a farautar bara, har muka ɗaure komai tam. Washegari na tarar da shi yana gumi, yana bugun ƙarfen da gudumar katako. Ko gezau. Can bakin taga na hango gwangwanin man takalmi, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Suruki," na ce, "ka ɗaura musu auren da ba saki."

"Rufe min baki, Evert! Surutunka ne ya jawo."

Na taɓa jin cewa sanyi na sa ƙarfe ya tsuke ya saki gam. Muka lallaɓa ɗakin ajiya, muka buɗe ƙatuwar firizar Gunnel, muka kwantar da bindigar tsakanin cinyar barewa da buhun dankali.

Kwana biyu bayan nan Gunnel ta gayyaci matan ƙungiyar mawaƙan coci cin abincin rana. Muna zaune muna shan kofi ta je ɗauko nama. Sai ga ta ta dawo rungume da bindiga fara fat da ƙanƙara.

"Sixten, wannan soyawa za a yi ko dafawa?"

"Ajiye ta a hankali, don Allah, magani take sha."

"Magani? Shekara talatin ina fama ka gyara min ƙafar tebur, amma bindiga har jinya ake mata!" Ta juyo kaina. "Kai kuma, ƙato da furfura, an ce da kai shiga rijiya sai ka shiga?"

Na sunkuyar da kai cikin kofina. Sixten ya karɓi bindigar, ya ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Ƙas! Ƙarfe ya fito salin alin. Ya rungume matarsa da hannuwa masu sanyi, ta kwaɗa masa ludayi.

Ran Asabar ya zo na uku a gasar harbi, abin da bai taɓa yi ba. Matan coci kuwa sun riga sun kai labari gidajensu. Kafin Laraba tsofaffi huɗu sun yi sallama, kowa da bindigarsa a jaka, wai sun ji sirrin yana cikin firizar Gunnel, tasu ta gida ba ta kai ta sanyi ba.

Gunnel ta ba su kofi da burodin kirfa, ta saurare su tsaf har suka gama. Da suka tafi ta sa wa firizar kwaɗo, ta rataya makullin a wuyanta.