Injin da ke cikin akwati

Shekara huɗu ke nan da aka kawo sabon injin saƙa makarantar koyon sana'a, yana cikin akwatin katako mai girman ɗaki, an jingina shi da bango. A jikinsa an manna takarda: kada a buɗe sai kwamiti ya zo ƙaddamarwa. Kwamitin bai zo ba. Tsaka ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa sau ba adadi.

Malamin saƙa kuwa da alli yake koyar da injin. Ya zana a allo, sannan ɗalibai su yi layi su leƙa ta wani ɗan rami a katakon.

"Me kika gani?"

"Duhu, Malam."

"To, a cikin duhun yake."

Cikin ɗaliban akwai 'yar ƙanensa marigayi, wadda yake riƙo. Masaƙar gari za ta ɗauki ma'aikata ranar Litinin, kuma a kan irin wannan injin za a gwada su.

"Baffa, ko hannu ne in ɗora masa," in ji ta. "Shekara uku ina gaida katako."

Ya je wurin shugaban makaranta. Shugaban ya ce, "Malam, saura wata bakwai ka yi ritaya. Ka taɓa takardar nan, ni da kai duk sai gida."

Ranar Juma'a bayan an tashi, Malam ya kutsa tsakanin akwatin da bango, inda ba mai dubawa, ya zare ƙusoshi shida, ya cire katako ɗaya. Hannu kawai ke shiga. Kwana uku yarinyar tana zura hannu har kafaɗa, ido a rufe, tana shafa ƙarfe mai sanyi, tana ƙirga noti. Shi yana bakin ƙofa yana tari idan ya ji tafiya.

Ranar Litinin da la'asar ta dawo, ta zauna a kan bencin ɗalibai ba ta ajiye jaka ba.

"Yaya, 'yata?"

"Mai gwajin ya ce in kunna. Sai na zagaya bayan injin."

"Baya?"

"Can na sani, Baffa. Duk notin da ke wurin na san shi. Gaban ne ban taɓa gani ba. Ina ta laluben makunni suna dariya. Wani ya ce, baiwar Allah, shara kika zo yi?"

Malam ya dubi akwatin. Ashe gaban injin na can ɓangaren da takardar take.

"Sun ce in sake zuwa baɗi, idan na yi aiki da shi a makaranta."

A aljihunsa akwai sanarwar da aka raba musu da safe, cewa an sake ɗage zuwan kwamiti. Bai nuna mata ba. Ya ɗauki guduma ya matsa bayan akwatin. Tana riƙe masa katakon, yana mayar da ƙusoshin a hankali don kada a ji.