Gicciye Uku a Ruwan Takobi

"Ga magagari nan na sayo maka," in ji Alhaji Gidaɗo. "Ka kankare su, khalas."

Ya ajiye magagarin a kan tabarma, kusa da takobin. Isufu bai taɓa shi ba. Alhajin nan babban ɗan kasuwa ne a unguwar Dokki, can Masar, kuma mahaifin Lailatu, yarinyar da Isufu ke fatan aura in ya gama karatu. Yau Alhajin ya hawo bene har ɗakin Isufu a unguwar Hadayek el-Maadi don ya ga inda 'yarsa za ta zauna, sai idonsa ya faɗa kan takubban da ke rataye a bango. Ya sauke mafi tsawo, ya zare, ya ga ƙananan gicciye uku a ruwansa, dab da mariƙi.

Isufu ɗan maƙera ne daga Tawa, kuma tun zuwansa Masar yake bin rumfunan tsoffin kaya yana tara takubba. Ranar da ya fara ganin wannan sai da ƙwalla ta cika masa ido, don ya zaci na gida ne: miƙaƙƙe, ga tambarin jinjirin wata irin wanda yake gani a takubban Buzaye. Sai da wani tsoho mai rumfa ya nuna masa kuben, da yadda aka ɗaure shi da zobban tagulla, ya ce daga duwatsun Jojiya ya fito, wurin mutanen Kebsur, Kiristoci masu yaƙi da sulke. Ya ce gicciyen nan su ne shaidar asalinsa.

Duk Isufu ya bayyana wa Alhaji wannan. Alhaji ya yi dariya, ya ce ashe almajirin fiƙihu ya koma limamin ƙarafa. Ya ce shi bai hana kowa sha'awarsa ba, amma 'yarsa ba za ta yi salla a ɗakin da gicciye ke rataye ba. Isufu ya ce zai naɗe shi a zane, ya sa ƙarƙashin gado, ko ya kai ajiya wurin abokinsa. Alhaji ya ƙi, shi ne ya sauka ya sayo magagarin ya dawo. So yake ya ga an goge, a gabansa, yanzu.

Nan Isufu ya gane ba takobin ake aunawa ba, shi ake aunawa. Fuskar Lailatu ta faɗo masa, da yadda take rufe baki da gefen mayafi in za ta yi dariya. Amma ya tuna maƙerar babansa. Can in aka kawo gyaran aikin wani, sai a wasa shi, a sake masa ƙota, amma ba a taɓa tambarin mai shi, ko da ya daɗe da mutuwa. Wani maƙeri a can duwatsu masu ƙanƙara ya zauna ya buga waɗannan gicciye da hannunsa.

"Yalla, ɗana, rana na yi," in ji Alhaji.

Isufu ya ɗauki magagarin, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ma'alish, ka yi haƙuri, Baba Alhaji. Ina son Lailatu, Allah ya sani, kuma gobe zan zo gaisuwa kamar kullum. In ka kore ni, jibi ma zan dawo. Amma hannuna ba zai goge tambarin wani maƙeri ba."