Buhu Ɗari a Bayan Kwaɗo Uku

Shekara talatin da biyar Malam Dankure ya yi yana riƙe da makullin sito a wata ma'aikatar gwamnati a Birnin Kebbi, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Mutum ne da in ya ba ka aron biro sai ya tsaya a kanka har ka gama rubutu. Da ya yi ritaya, aka ba shi zuwa ƙarshen shekara ya tashi daga gidan gwamnatin da yake ciki a Gesse. Wurin komawa kuwa sai kangonsa na bayan Ambursa. Gini ya kai linta, amma ɗaki ɗaya tak ke da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, sauran duk a buɗe suke rana na dukansu.

Kuɗin sallama suka fito a watan Maris. Magini ya zo ya duba kango, ya yi 'yan ƙididdigarsa a ƙasa da tsinke, ya ce ko rabin aikin ba za su yi ba, siminti ya yi tashin gwauron zabi. To, ba yadda za a yi sai dai a juya kuɗin su haihu kafin Disamba, in ba haka ba shi da matarsa Ɗayyaba da 'ya'ya huɗu su cusu a ɗaki guda.

Matsalar ita ce Dankure ba ya son jin kalmar nan "wataƙila". Riba yake so, amma wadda ba ta da ƙofar asara ko ta taga. Ya je banki, wata yarinya mai fara'a ta yi masa bayanin ajiyar wa'adi. Ya ji abin da za a ɗora masa, ya ce tsadar siminti ta wata biyu ta cinye shi, ga kuma maganar kuɗin ruwa da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba. Aka ce ya sayi babura ya ba 'yan kabu-kabu, ya ce shi ba zai ɗora guminsa a kan taya biyu ba. Kiwon shanu fa? Ya ce ɓarayin daji za a yi wa kiwo. Wani tsohon abokin aikinsa ya nuna masa wata harka a waya mai ninka kuɗi cikin kwana arba'in, Dankure ya miƙe tsam ya kakkaɓe rigarsa, ko sallama bai yi ba. Sati uku yana wannan yawo, har ya rame.

Ana cikin haka ya je ɗaurin aure Argungu, ya haɗu da Arzika dillalin albasa, wanda suka yi firamare tare. Lokacin kakar albasa ce, motoci na ta shigowa daga Augie, kaya jibge ko'ina kamar ba a so. Arzika ya ce masa buhun da yake gani yau a wulaƙance, in damina ta wuce sai ya ninka kuɗinsa huɗu, wani lokaci biyar, kuma haka ake yi kowace shekara. Idon Dankure ya buɗe. Wannan ai ita ce harka! Kaya ne da zai gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya ƙirga. Kwana biyu tsakani ya dawo da kuɗin kaf, ya sayi buhu ɗari cif. Da kansa ya zaɓa, manya-manya masu sheƙi, ya ture ƙananan nan busassu da Arzika ke ta nuna masa.

Sai aka zo maganar ajiya. Arzika ya kai shi bayan gari ya nuna masa rudu, wato 'yar rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa, a zazzage albasa a kai iska na ratsa ta ta ko'ina. Ya ce duk bayan sati biyu yara za su tona su tsince wadda ta fara lalacewa su zubar, kuma a cikin buhu goma ya sa ran biyu za su tafi a haka. Dankure ya dubi rumfa, babu ƙofa, babu kwaɗo, akuya ma in ta ga dama sai ta leƙa. Ya dubi Arzika. A sito ya tsufa, ya san ma'anar "an zubar". Buhu ashirin ke nan za su bi ta bayan gida da sunan ruɓa!

"Albasa iska taka so, Dankure," in ji Arzika. "In ka rufe ta, ka kashe ta."

Ya yi murmushi kawai, ya ce ya gode. A ransa yana cewa wanda zai ci da kai ai ba ya rasa hujja.

Ya ɗauki hayar mota har Ambursa. Aka jera buhu ɗari a ɗakin nan mai kwano, tun daga siminti har kusa da rufi, jeri mai kyau irin na ma'aikata. Ya sa aka toshe tagogi biyu da bulo saboda masu leƙe. Ya lulluɓe kayan da tamfol saboda yoyo. Ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa saboda ɓera. Sannan ya ɗana kwaɗo uku, ya ja da baya ya dubi aikinsa, ya ji wani sanyi a ransa da rabonsa da shi tun ranar da ya miƙa makullin ofis.

Ɗayyaba kuwa bai gaya mata komai ba. Ta tambaye shi sau biyu ina aka kwana a maganar kuɗin, ya ce suna wuri mai aminci. A ganinsa sirrin da ya shiga cikin gida ya kai gidan suna. Abin haushin, Ɗayyaba 'yar Augie ce. A gindin rudun ubanta ta yi rarrafe, tun tana 'yar shekara bakwai take tsintar ruɓaɓɓiya da hannunta. Wannan ko sau ɗaya bai faɗo masa a rai ba.

Zafin bazara ya zo ya gasa kwanon nan, damina ta biyo baya. Duk Juma'a bayan masallaci Dankure zai hau kabu-kabu zuwa Ambursa, ya jijjiga kwaɗo ɗaya bayan ɗaya, ya zagaya ginin ya duba ko an fasa bango. Ba ya buɗewa, don ƙa'idarsa ba a buɗe sito sai da dalili. A watan Yuli ya ji wani wari, ya ce albasa ai dama sai da wari. A Agusta ya ga tsumman ƙofa ya jiƙe ya yi baƙi, ya ce feshin ruwan sama ne. Kangon a gefe yake, ba maƙwabcin da zai ce masa kanzil. Kullum ya dawo gida da fara'a, don a kasuwa kuɗin buhu hawa yake ta yi.

Farkon Oktoba buhu ya ninka huɗu har da ɗoriya. Ya kira Arzika a waya ya ce ya taho da mota da masu lodi. Ya kira magini ya ce ya shirya. Sannan ya ce wa Ɗayyaba ta yafa mayafi, yau zai nuna mata abin da zai sa ta daina yi masa kallon wanda ya rasa dabara.

Tun daga bakin hanya Ɗayyaba ta tsaya cak. Ta ɗaga hanci, ta dube shi, fuskarta ta canza.

"Malam, mi ka aje cikin ɗakin ga?"

Ya ce ta dai yi haƙuri ta gani. Ya buɗe kwaɗo na farko, na biyu, na uku. Ƙofa ta ƙi motsi. Masu lodi biyu suka sa kafaɗa suka banka.

Wani baƙin ruwa mai kauri ya kwararo ya rufe masa takalma. Warin da ya biyo baya ya sa ɗaya daga cikin masu lodin ya ruga bayan kango yana kelaya amai. Ƙudaje suka taso duu. Jerin da ya bari har rufi ya zube bai kai ƙugu ba, tamfol ya lotsa a kai yana naso. Arzika ya toshe hanci da hula, ya shiga ya yaye gefe guda, ya danna buhu da ƙafa. Ƙafar ta nutse har idon sawu. Ya fito yana salati.

Dankure bai yarda ba. Ya kutsa ciki da farar rigarsa, ya yaga buhu, ya cusa hannu har gwiwa yana lalube. Ya yaga na biyu, na biyar, na goma, yana cewa na ƙasa ne kawai, na tsakiya lafiya lau suke. Abin da ya fito da shi a tafin hannu bai fi albasa shida ba, su ma da ya matsa sai suka fashe. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, don a ransa har yanzu lissafin daidai yake. Buhu ɗari ya shigar, kwaɗo uku ba wanda ya taɓa, kuma babu komai.

Ɗayyaba ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban tagogin da aka toshe da bulo, ta daɗe tana dubansu.

"Shekara talatin kana kwana ɗaki guda da ɗiyar Augie," ta ce a hankali. "Tambaya guda, Malam. Guda tak."

Dankure ya goge hannunsa a jikin rigarsa. Arzika ya sallami mota, ya biya direba daga aljihunsa. Masu lodi suka bi ta gefe suka tafi, ba wanda ya nemi ko kuɗin shan ruwa. Wayar Dankure ta yi ƙara a aljihu, magini ne, ya bar ta har ta gaji.

Da suka tashi tafiya, ya ja ƙofar ya rufe, hannunsa ya kai ga kwaɗo kamar kullum. Ɗayyaba ta riƙe hannun, ta zare kwaɗon daga yatsunsa, ta tura ƙofar ta buɗe har bango.

"Bar shi ya sha iska," ta ce. "Nan da wata biyu cikinsa za mu kwana, mu shida."