Hannun Da Aka Ɗaure

Hawainiya ake ce masa a shagon askin, kuma bai taɓa musa sunan ba. Kafin ya gama kai ɗaya, abokan aikinsa sun sallami nasu har sun share gashin. Yana aski yana ɗar-ɗar, harshe a tsakanin haƙora, kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai a tsakiyar kasuwa. Tun yana yaro ya sakankance haka Allah ya yi shi: hannunsa da nauyi, rubutunsa kamar tonon kaji, ko kofi ya ɗauka sai ya kuɓuce masa. Haƙuri ne ya riƙe shi a shagon, da wasu 'yan tsofaffi da ba sa saurin zuwa ko'ina.

Sai ga tsautsayi. Ya zame a matakalar gidan da yake haya, ya dafa ƙasa da hannun dama, tsintsiyar hannun ta karye. A asibiti aka ɗaure masa shi tun daga gwiwar hannu, yatsu kawai suka leƙo. Likita ya ce sai ya yi makonni ko cokali bai riƙe da shi ba.

Mai shago ya zo dubiya da ledar lemo. Ya yi addu'a, ya yi jaje, sai da ya miƙe zai tafi ya ce, "Ka dai san kujera ba ta zama haka nan. Akwai wani da ke ta yi mini zarya a kanta. Ni dai ban ce masa komai ba tukuna."

Wannan "tukuna" ɗin ita ta hana Hawainiya sukuni. Ya zauna ya kasa, ya kwanta ya kasa. In aka cire shi daga shagon, wa zai ɗauki mai askin da ko da lafiyarsa baya yake zuwa? Da ɗakin ya ishe shi, sai ya ɗauki lemon ya nufi gidan yayarsa, wadda ta goye shi yana ƙarami.

Ya same ta tana guga. Ya fara zuba mata damuwarsa, tana ji tana ninke kaya. Can ta ce ya buɗe mata akwatin da ke bayansa, ta cillo masa mukulli ba tare da ta duba ba. Mukullin ya nufi fuskarsa. Caraf, ya cafe shi da hagu.

Yaya ta ajiye dutsen gugar tana dariya. "Kai! Bahagon Inna ya dawo."

"Wane bahago kuma?"

"Au, ka manta? Ai kai da hagu ka zo duniya. Da shi kake jifa, da shi kake zane a ƙasa. Tsuntsu za ka zana, sai ka ce zai tashi. Baba ne ya ce ba a gidansa ba. Kullum da safe sai a ɗaure maka shi ta baya da ɗankwalin Inna, har ka shiga makaranta." Dariyar ta tsaya. "Ni ake sawa in riƙe ka."

Hawainiya ya tsura wa hannun ido. Bai tuna ɗankwali ba, amma ya tuna faɗuwar gaban da ke zo masa duk lokacin da ya miƙa hannun nan zai ɗauki abu, sai ya janye shi da sauri ya waiga. Ya kai shekara arba'in yana waigen nan, bai san wa yake dubawa ba.

"Yaya, to duk rashin kataɓus ɗin nan nawa fa?"

"Ni ina zan sani, ƙanena? Ka je ka gwada."

Da safe ya isa shago. Mai shago ya dubi ɗaurin ya ɗaga gira.

"Da me za ka yi askin, da haƙori?"

"Da wannan."

"Hagu? Ka rufa mini asiri. Ka yanke wa wani kunne, ni za a kama."

Wani tsohon direba da ke zuwa wurin Hawainiya kullum yana kan benci yana jira. Ya tashi ya zauna a kujerar ya cire hula. "Bar shi, maigida. Gashin nawa guda nawa ne da za a ɓata?"

Hawainiya ya yafa masa ƙyalle, ya kunna injin. Ƙararsa ta cika masa kunne. Ga idanun kowa a madubi. In ya kasa, shi ke nan, ya tabbata duka hannayen biyu ba su da amfani. Ya dafa kan tsohon da yatsun da suka leƙo daga ɗaurin, ya ɗora injin a ƙeya. Tashin farko ya zabtare wani wuri fiye da ƙima. Wani ya yi tsaki a baya. Saura ƙiris ya ajiye.

Bai ajiye ba. Ya hau gefen kunne, sai ya ji injin ya bi kwanar da kansa, ba tare da ya tsaya yana lissafin inda zai bi ba. Ya sake, ya sake. Wuyansa da kullum ke sanƙarewa ya saki. Almakashi ne ya ƙi shi, don an yi shi ne domin na dama, yana tauna gashi maimakon yanka, sai ya ƙarasa da reza.

Tsohon ya juya kai a madubi, ya shafa inda aka zabtare. "Nan ka ci amanata. Amma yau ban ji kana huci a ƙeyata ba."

Mai shago bai yaba ba, bai kuma sake maganar kujera ba. Mutum biyu cikin masu zuwa wurin Hawainiya suka koma kujerar kusa, wai ba a taɓa musu kai da hagu. Abin ya dame shi kwana da kwanaki, har ya yi tunanin komawa yadda ya saba in an kwance ɗaurin.

Ranar da aka kwance, hannun ya fito a motse, fatar ta yi fari. Ya ɗauki injin da shi, ya ji tsohon nauyin nan ya dawo masa har kafaɗa, sai ya mayar da shi ɗaya hannun. Da dama yake gaisawa, da ita yake cin abinci, wannan bai canza ba. Abin da bai warware ba shi ne Baba, wanda ya daɗe da rasuwa: wata rana ya ji haushinsa, wata rana ya ce mutumin ya yi abin da ya ɗauka gata ne.

Ya taɓa tambayar Yaya ko ita ma tana tunanin abin. Ta ce, "Kullum in na ɗaura ɗankwali." Suna nan zaune har yaran gidan suka dawo daga makaranta suka cika falon da hayaniya.